Gawa Ba Ta Amsa Tambaya

Wannan shi ne cikakken jawabin da mataimakin editan wannan shafi, ɗan asalin Gololo ta ƙasar Katagum a Jihar Bauci, ya yi wa 'yan'uwa 'yan arewa mazauna Ikko da kewaye. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba, musamman na Sabo ta Badun, da Shagamu, da Binin, da Anaca, da Fatakwal.



An umurce ni in yi magana a kan wani al'amari wanda kowa yake taɗinsa a rumfa da tasha, amma da wuya a ɗauko shi a bainar jama'a, don gudun kada a yi wa mutum mummunar fassara. Al'amarin kuwa shi ne wannan: duk sa'ad da hukuma ta ba da sanarwa cewa ta kashe wani shugaban 'yan ta'adda, sai ka ji mutanenmu suna tambayar juna, shin gaskiya ne ya mutu? In kuwa ya mutu, a fagen fama ya mutu, ko bayan ya shiga hannu? In bayan ya shiga hannu ne, me ya hana a kai shi gaban alƙali ya faɗi abin da ya sani?

Tun kafin in yi nisa, ya kamata in share hanya. Babu wanda ya fito daga Gamawa, ko Azare, ko Misau, ko Potiskum, da zai zubar da hawaye saboda mutuwar mai dasa bom a kasuwa. Mu ne muka yi jana'izar waɗanda suka kashe, mu ne kuma muke aika ɗan abin da muka samu a nan kudu don riƙon marayun da suka bari. Saboda haka wanda ya ɗauka tausayin ɗan ta'adda ne ya kawo ni gabanku, to, ya sake tunani. Abin da ya kawo ni shi ne asarar da ƙasa take yi duk ranar da aka rufe bakin da ya kamata ya yi magana a kotu, da kuma haɗarin da wannan ɗabi'a take jawo wa talaka baƙo irina da irinku.

ABIN DA YA FARU A YULIN 2009

Bari mu fara daga gida, gama a jiharmu wutar ta fara kamawa. Ran Lahadi 26 ga Yuli 2009, mabiyan Muhammad Yusuf suka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a cikin garin Bauci. Kafin a kwana biyu rikicin ya watsu zuwa Potiskum, da Wudil, da Maiduguri inda cibiyarsu take. Soja suka shiga, aka rushe cibiyar, aka yi kwanaki ana ɓarin wuta, har mutanen da suka halaka suka haura 700, mafi yawansu a Maiduguri.

Ran Alhamis 30 ga wata soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa a gidan surukinsa. Suka yi masa tambayoyi, suka ɗauki hotonsa yana tsaye babu riga, yana amsawa da bakinsa, sa'an nan suka danƙa shi ga 'yan sanda. Ba a kwana ba sai ga gawarsa a yashe, harsashi ya yi mata kaca-kaca. Bayanin farko da ya fito daga bakin 'yan sanda shi ne wai an harbe shi ne a cikin musayar wuta yana ƙoƙarin tserewa. To, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Hafsan da ya jagoranci aikin soja, Kanar Ben Ahanotu, ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa shi ya kama mutumin, kuma da ransa ya miƙa shi. Hotunan gawar da suka bazu daga baya sun nuna ankwa a hannunta. Jama'a, wane irin musayar wuta mai ankwa a hannu yake yi?

Ba shi kaɗai ba ne. Alhaji Buji Foi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin Kwamishinan Al'amuran Addini a gwamnatin Jihar Barno, kuma ake zarginsa da ɗaukar nauyin ƙungiyar, shi ma an kama shi da rai, aka harbe shi. Surukin Yusuf kuwa, watau Baba Fugu Muhammad, dattijo wanda ya haura shekara 70, da ƙafarsa ya kai kansa ofishin 'yan sanda, bai kuma komo gida ba. A watan Afrilu 2010 Babbar Kotun Jihar Barno ta yanke hukunci cewa kisan wannan dattijo ya saɓa wa doka, ta ce a biya iyalinsa diyyar Naira miliyan 100. A watan Fabrairu na wannan shekara ta 2010 kuma gidan talabijin na Aljazeera ya nuna hotunan masu kayan sarki suna kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa, har da masu dogara sanda.

Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umurni a binciki mutuwar Yusuf, amma ciwo ya kwantar da shi a watan Nuwamba 2009, ya rasu ran 5 ga Mayu 2010, jama'a ba su ga rahoton binciken ba. Sai a 2011 aka gurfanar da 'yan sanda biyar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja. A ƙarshen 2015 kotun ta sallame su, a 2018 aka ji labarin an mayar da su bakin aiki. Hukuncin kotu ya wanke su, mu kuma ba mu da ta cewa a kan wannan. Amma sakamakonsa shi ne: an kashe mutum a hannun hukuma, da ankwa, a babban birnin jiha, aka wayi gari babu wanda doka ta ce shi ya kashe shi.

ABIN DA AKA BINNE TARE DA SHI

Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku dubi tambayoyin da Muhammad Yusuf kaɗai zai iya amsawa. Wa ya ba shi kuɗin da ya gina cibiyarsa, ya sayi motoci da babura yana raba wa mabiya? An sha kama shi kafin 2009 ana ba da belinsa. Su wa suke tsaya masa? Ta wace hanya makamai suka shigo? Wace irin hulɗa ce tsakaninsa da 'yan siyasa, har na kusa da shi ya kai ga kujerar kwamishina? Su wane ne wakilansa a Bauci da Yobe da Kano? Da an tsayar da shi a gaban alƙali, lauyan gwamnati ya yi masa tambayar ƙwaƙwaf, malamai kuma su warware shubuhohinsa yana ji mabiyansa suna gani, da ƙasa ta sami amsa, da kuma yaran da ya ruɗa sun ga malaminsu yana kame-kame. Harsashi ya hana duk wannan. Tun daga ranar nan aka bar mu da zargi da jita-jita, wanda ake zargi ba shi da hanyar wanke kansa, mai laifi na ainihi kuwa ya yi barci da minshari.

Daɗin daɗawa, an ba mabiyansa abin da ba su da shi a da, watau gawar da za su riƙa nunawa suna neman fansa. Shugabanci ya koma hannun Abubakar Shekau, wanda ya fi maigidansa zafi nesa ba kusa ba. Ran 7 ga Satumba 2010 suka fasa gidan yarin Bauci, fursuna fiye da 700 suka fice. A 2011 suka kai bom hedkwatar 'yan sanda ta Abuja a watan Yuni, da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agusta. A watan Disamba na shekarar suka auka wa 'yan sanda da bankuna a Azare. Ran 20 ga Janairu 2012 suka kashe mutum wajen 185 a Kano a yini guda. A watannin Oktoba da Nuwamba 2014 bom ya tashi har sau uku a Azare, a tashar mota, da bakin banki, da kasuwar wayoyi, a cikin wannan Nuwamba kuma aka halaka ɗalibai masu yawa a makarantar sakandare ta kimiyya da ke Potiskum suna tsaye a layin safe. Wanda ya bi hanyar Azare zuwa Potiskum a shekarun nan ya san yawan shingayen da yake tsayawa, ya san yadda cinikin shanu da gero ya ja baya, ya kuma san samari nawa ne suka baro gona suka gangaro nan kudu saboda haka.

Ba ni na ƙirƙiro wannan alaƙa ba. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2011 a ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya lissafa kisan Yusuf ba tare da shari'a ba, da rashin hukunta waɗanda suka aikata, a cikin abubuwan da suka rura wutar. Ba a ce shi kaɗai ne sanadi ba, gama muguwar aƙida da talauci da sakacin shugabanni suna nan tun kafin ranar. Amma wanda ya ga wuta tana ci ya watsa mata kananzir, ba zai ce ba ruwansa da gobara ba.

Ku kwatanta da abin da aka yi a Kano a watan Disamba 1980. Muhammadu Marwa Maitatsine ya mutu ne sakamakon raunin da ya samu a fagen fama, hukuma ta tono gawarsa ta nuna, sa'an nan gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa kotun bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, aka saurari shaidu, aka fitar da rahoto, aka ce mutum 4,177 suka mutu. Ko da haka mutuwar shugaban ba ta kashe fitinar ba: ta sake tashi a Bulumkutu da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauci. Watau tun a wancan zamani aka nuna mana cewa mutuwar shugaba ɗaya ba ta isa ba, sanin yadda ƙungiya take tafiya shi ne magani.

MUTUMIN DA AKA KASHE SAU DA YAWA

Kashi na biyu na shakkar jama'a ya samo asali ne daga sanarwar da ake yi ba tare da shaida ba. A 2009 an ɗauka Shekau yana cikin waɗanda suka mutu a Maiduguri, sai ga shi a faifan bidiyo a 2010. A watan Agusta 2013 kakakin rundunar haɗin gwiwa ta Barno ya ce mai yiwuwa ya mutu a Amchide ta ƙasar Kamaru sakamakon harbin da aka yi masa a dajin Sambisa. Wata guda bayan haka ya sake fitowa. A watan Satumba 2014 Hedkwatar Tsaro ta ce na ainihin ya daɗe da mutuwa, wanda yake kwaikwayonsa ma an kashe shi a Konduga. A watan Oktoba ya fito yana yi musu dariya. A watan Agusta 2016 aka ce jirgin yaƙi ya yi masa raunin da ba zai tashi ba, aka kuma ba da sanarwar a ranar da Sakataren Harkokin Waje na Amurka, John Kerry, yake ziyara a ƙasar nan. A watan Satumba ya sake bayyana.

Sa'ad da ajalinsa ya zo da gaske a watan Mayu 2021, ba a hannun hukuma ya zo ba. 'Yan ɓangaren ISWAP ne suka rutsa shi a Sambisa, ya tayar da bom ya kashe kansa. Abin baƙin ciki a nan shi ne mutane ba su gaskata ba sai da suka ji muryar Abu Mus'ab Albarnawi, shugaban wancan ɓangare, wanda kuma ɗan Muhammad Yusuf ne na cikinsa, yana tabbatarwa. Ku duba inda muka kai kanmu: maganar ɗan ta'adda ta zama ita ce hatimin da ake jira kafin a yarda da labari. Wannan asara ce babba ga sojan da yake kwana a rami yana tsaron ƙasa, gama ran da ya yi nasara ta gaskiya, sanarwar banza ta jiya ta riga ta cinye masa yabonsa.

BA A ƘASARMU KAƊAI BA

Kada wani ya zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Ran 2 ga Mayu 2011 sojan Amurka suka kashe Usama bin Ladan a garin Abbottabad na Pakistan. Da fari mashawarcin Shugaba Obama, John Brennan, ya shaida wa duniya cewa mutumin ya yi faɗa, har an yi garkuwa da mace. Kashegari kakakin fadar shugaban ya gyara zance, ya ce ba ya riƙe da makami sa'ad da aka harbe shi. Gawar kuwa an riga an jefa ta a teku, hotunanta kuma aka ƙi fitarwa. Nan ma sai da ƙungiyar Alƙa'ida ta tabbatar da mutuwar bayan kwana huɗu sa'an nan masu shakka suka ragu. In babbar ƙasa mai kayan aiki irin wannan ta canja bayaninta cikin yini ɗaya, to, wanda ya tsaya ya yi tambaya bai yi laifi ba.

Yanzu ku dubi ɗaya gefen, inda aka kama da rai. A ƙasar Peru ta Kudancin Amurka, wata ƙungiya ta 'yan gurguzu ta shekara goma sha biyu tana zubar da jini. A watan Satumba 1992 'yan sandan ciki suka kama shugabanta, Abimael Guzman, a wani gida a birnin Lima, tare da takardunsa da manyan mataimakansa. Cikin shekara guda ya nemi sulhu daga kurkuku, ƙungiyar ta rabu, ƙarfinta ya karye, shi kuwa ya mutu a tsare a 2021. Turkiyya ta kama Abdullahi Ocalan, shugaban PKK, a Nairobi a watan Fabrairu 1999. Ya shekara 26 a tsare, a watan Fabrairu 2025 ya yi kira ga mabiyansa su ajiye makamai, a watan Mayu ƙungiyar ta ba da sanarwar rushe kanta. Da an harbe shi a hanyar filin jirgi, wa zai yi wannan kira su saurara?

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Dattawan da suka daɗe a Binin suna tune da Lawrence Anini, ɗan fashin da ya hana tsohuwar Jihar Bendel barci a 1986. An kama shi da rai a watan Disamba na shekarar, an harbe shi a ƙafa, aka kai shi asibiti aka yanke ƙafar, aka yi masa magani. Bayanin da shi da yaransa suka yi ne ya tona asirin wani babban ɗan sanda, George Iyamu, wanda yake ba su makamai da labari. Kotu ta yanke musu hukuncin kisa, aka zartar a 1987. Da an gama da Anini a inda aka kama shi, da Iyamu ya ci gaba da sa kaki yana karɓar gaisuwa. Haka nan Kabiru Sokoto, wanda aka kama a 2012 bayan bom ɗin cocin Madalla, ya tsere, aka sake kamo shi a Mutum Biyu, kotu ta ɗaure shi rai da rai a watan Disamba 2013. An kama Khalid Albarnawi na ƙungiyar Ansaru da ransa a Lakwaja a watan Afrilu 2016, a watan Agusta 2025 kuma aka ba da sanarwar kama wasu shugabannin ƙungiyar biyu da ransu. Ashe dai ana iyawa in an so.

HUJJAR MASU CEWA A GAMA DA SU

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, gama suna da abin faɗa. Sun ce wanda ya ɗaura bom a ƙugu ba a kama shi da hannu. Sun ce in an tsare babba, yaransa sukan fasa kurkuku, kamar yadda aka yi a Bauci a 2010 da Kuje a watan Yuli 2022, ko su sace mutane su nemi musaya, kamar yadda aka saki wasu kwamandoji a watan Mayu 2017 don a karɓo 'yan matan Cibok 82. Sun ce shari'a tana jan ƙafa shekara da shekaru, shaidu suna tsoro, ɗan sandan da ya ga an yanka abokin aikinsa jiya kuma zuciyarsa ba dutse ba ce.

Duk wannan gaskiya ne, amma a lura da iyakarsa. Wanda ya ɗaga makami aka harbe shi a fagen fama, kamar yadda soja suka yi wa Halilu Sububu kwanton ɓauna a Zamfara a watan Satumba 2024, babu mai tuhumar kowa a kansa. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 33, ya halatta amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare rai, ko kama mai laifi, ko hana tsararre tserewa, ko kwantar da tarzoma. Abin da bai halatta ba shi ne a kashe wanda ya riga ya shiga hannu, gama sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. In kurkuku ba shi da ƙarfi, sai a ƙarfafa shi. In kotu tana jinkiri, sai a ƙara alƙalai a kuma tsare shaidu. Lalacin wani ofishi ba ya mayar da ɗan sanda alƙali da hauni a lokaci guda. Malamanmu da suke zaune a nan sun fi ni sanin abin da Sayyidina Ali ya yi wasiyya da shi game da Ibn Muljam, mutumin da ya sare shi da takobi mai dafi: a tsare shi, a ciyar da shi, in ya rasu a yi ƙisasi daidai wa daida, kada a wuce gona da iri. Wannan fa wanda aka sara ne da kansa yake magana, yana kan gargara.

INA RUWANMU, MU MAZAUNA KUDU?

Wani zai ce, ni da nake turin baro a Mile 12, ko gadi a Ikeja, ko sayar da canji a bakin titi, ina ruwana da yadda aka kashe shugaban 'yan ta'adda? Ɗan'uwa, da ruwanka ƙwarai. Hannun da ya saba harbi ya rubuta rahoto daga baya, ba ya tsayawa a kan manya. Kalmar da aka wanke kisan babba da ita, ita za a wanke naka da ita, kai kuwa ba ka da gidan talabijin da zai bi kadinka.

A watan Satumba 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo ta Abuja, mutum takwas suka mutu, aka ce 'yan Boko Haram ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta yi bincike, a watan Afrilu 2014 ta ce babu shaidar haka, 'yan ci-rani ne, galibinsu masu tuƙa Keke Napep, ta kuma ce a biya diyyar Naira miliyan 135. A watan Yuni 2014 soja suka tare matafiya 'yan arewa 486 a Jihar Abiya suna kan hanyar Fatakwal, aka shelanta su a matsayin waɗanda ake zargi da ta'adda, daga baya aka saki mafi yawansu. A watan Maris 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo suna komawa Kano hutun salla, aka kira su masu satar mutane, aka kashe 16 ba tare da an kai ko ɗaya gaban alƙali ba. Na Uromi 'yan sintiri da 'yan gari ne suka aikata, amma a ina talaka ya koyi cewa suna kaɗai ya isa hukunci? Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai abin yake ci: a watan Yuni 2005 'yan sanda sun kashe matasa shida 'yan kudu, galibinsu 'yan kasuwar Apo, suka ce 'yan fashi ne, sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na farko, mu koyi sauraron sanarwa da hankali. In an ce an kashe wane, mu tambaya: a ina, yaushe, wa ya gane gawar, likita ya duba ta? An kama shi tukuna, ko a fagen fama ya faɗi? In bayanin yau ya saɓa da na jiya, wa ya ba da na jiya, me aka yi masa? Waɗannan tambayoyi ne na ɗan ƙasa mai biyan haraji, ba na maƙiyin gwamnati ba.

Na biyu, shakka ma tana da ma'auni. Don an taɓa yi mana ƙarya, ba shi ne zai sa mu rungumi kowace tatsuniya da aka turo mana a waya ba, irin masu cewa babu wasu 'yan ta'adda, duk shiri ne. Wanda ya ɗauki gawa a kasuwar Azare ya san akwai su. An hore mu da bin diddigin labari kafin mu yaɗa shi, wannan horo kuwa ya hau kan labarin hukuma da na ɗan rumfa baki ɗaya. Mu daina yaɗa hotunan gawa muna tafi, mu daina tura abin da ba mu tabbatar ba.

Na uku, mu matsa wa wakilanmu na Majalisar Tarayya da ta jiha, musamman na Katagum da Gamawa, su tsaya a kan cewa duk wanda ya mutu a hannun hukuma, babba ne ko yaro, a yi binciken gawarsa, a fitar da rahoto kowa ya gani. Dokokin suna nan: dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata, akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, a 2019 kuma an gyara umurnin 'yan sanda mai lamba 237 wanda ya shafi harbi. Abin da ya rage shi ne aiki da su, shi kuwa ba ya samuwa sai da mai tuni.

Na huɗu, mu gyara namu zaman. Kowane baƙo ya riƙe katin shaidarsa, ya sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban sana'arsa inda yake kwana. In an kama ɗayanmu, shugabanni su isa ofishin tun a ranar, da lauya, a rubuta sunansa a littafi, gama wanda aka san inda yake ya fi wuyar ɓacewa. In kuma muka ga baƙon ido wanda take-takensa ba su kwanta mana ba, mu kai rahoto da kanmu, mu miƙa shi da ransa, mu bi sawun maganar har kotu.

Iyayena da 'yan'uwana, ƙasarmu ta yi hasarar dubban rayuka, mutum fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu, har yau kuwa ba a tsayar da kowa a kotu ya warware mana yadda abin ya faro da waɗanda suka ɗaure masa gindi ba, domin waɗanda suka fi kowa sani an rufe bakinsu a cikin kwana biyu a watan Yuli 2009. Haƙƙin marayun Azare da Potiskum ne su san wannan, haƙƙinmu ne mu nema musu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kare jami'anmu masu aiki da gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gida da alheri.